Shokar bayan kekena tana sace iska kuma tana ƙara: zan iya gyara ta a gida?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da keken hawan dutse mai shokar iska a baya. Shekara biyu ke nan ina hawansa kusan kowane ƙarshen mako, kuma ban taɓa buɗe shokar ba. Yanzu in na ba ta iska, kafin kwana huɗu ta ragu. In na danna sirdi sai in ji wata ƙara kamar ana taka caɓi, sannan maɓallin kulle ta ya daina aiki, ko na murɗa shi keken lotsawa yake yi. Ina taɓa gyaran kekena da kaina, har birki da giya. Zan iya kwance shokar gaba ɗaya in yi mata sabis a gida, ko dole sai na kai wa masu aikin?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, alamu uku ka gani: iska tana raguwa, akwai ƙarar caɓal-caɓal, makulli kuma ya mutu, kana son sanin ko hannunka zai iya maganinsu duka. Amsar ta rabu biyu, domin ita kanta shokar abu biyu ce a jiki ɗaya. Alamar farko galibi daga ɓangaren iska take, wanda duk mai iya gyaran birkinsa zai iya yi masa sabis a kan tebur cikin awa guda. Sauran biyun daga ɓangaren mai suke, shi kuwa aikinsa daban ne, kayansa daban, haɗarinsa ma daban.

Kafin komai, ka dakatar da hawan keken har a duba ta. In mun ƙaddara awa uku kake yi a mako, ka haura awa 300 ba sabis. Masu ƙera shoka na kamfanin RockShox sun ce a buɗe gwangwanin iska, wato ɓangaren iskar shokar, duk bayan awa 50, a yi wa shokokinsu Deluxe da Super Deluxe cikakken sabis a awa 200. Na kamfanin Fox kuma sun sa awa 125 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Ko ta wane ma'auni aka bi, ta daɗe da wuce lokacinta.

Abin da ke cikin shokar

Babban gwangwanin da kake gani a waje shi ne sifirin, sai dai na iska ne. Fistin ya raba cikinsa gida biyu. Babban ɗaki shi kake bai wa iska da famfo, shi ke ɗauke da nauyinka. Ƙaramin ɗakin yana bayan fistin, yana tura shi ta ɗaya gefen, don kada shokar ta yi tauri a farkon motsinta. A yawancin shokokin zamani akwai ɗan lotso a bangon gwangwanin ta ciki. Duk lokacin da robar fistin ta zo daidai wurin, sai iska ta ratsa, ɗakunan biyu su daidaita. Ka riƙe maganar lotson nan, za mu dawo kansa.

Shi kuma bututu mai sheƙin nan da ke shiga yana fita, cikinsa cike yake da mai. Akwai wani fistin a ciki mai ƙananan ramuka, an rufe ramukan da siraran washoshin ƙarfe a jere, waɗanda ke lanƙwashewa in mai ya matsa su. Wahalar da man ke sha wajen ratsawa ita ce ke hana keken yin tsalle kamar ƙwallo. A can ƙasa akwai wani fistin da ba a ɗaure shi da komai ba, ana kiransa IFP, bayansa kuma gas ne a matse, galibi naitirojin. Aikinsa ya ba da wuri in sandar fistin ta shigo ta ture mai, ya kuma riƙe man a matse don kada ya yi kumfa. A shokokin da ke da ƙaramar tukunya a gefe, can IFP yake zaune.

Akwai dalilin da ya sa shokar baya ke gajiya da wuri. Keken da ƙafarsa ta baya ke motsa milimita 150 yana iya kasancewa da shoka mai tafiyar milimita 55 kacal. Ke nan nauyin da ke sauka a kanta ya kusa ninka na ƙafar sau uku, ga man da ke cikinta ɗan kaɗan ne, yana saurin zafi, ga ta zaune a inda tayar baya ke watso ƙasa da laka.

Ka fara tabbatar da inda iskar ke bi

Mutane da yawa sun kawo mini shoka da sunan tana yoyo, alhali famfonsu ne ya ruɗe su. Duk lokacin da ka ɗaura famfo, iskar shokar ce ke cika tiyonsa, don haka agogon zai nuna ƙasa da abin da ka bari. Fis ɗin da kake ji in ka cire kuwa iskar tiyo ce ke fita. Sanyin gari ma yana rage abin da agogo ke nunawa. Don ka san gaskiya, ba ta iska, cire famfo, mayar da shi nan take, ka rubuta lambar da ka gani. Da wannan lambar za ka gwada ta gobe da jibi.

In da gaske tana raguwa, shafa ruwan sabulu a bakin bawul. Sau da yawa ƙwayar bawul ce ta yi sako-sako, irin ta tayar mota ce, ɗan ɗauri kaɗan ko sabuwa ta isa. In ba nan ba ne, cire shokar da iskarta ka nutsar da ita a ruwa na ɗan lokaci. Kumfa daga bakin robar share ƙura na nufin robobin gwangwani sun gaji. Kumfa daga inda gwangwani ya haɗu da kan shokar na nufin zoben robar wurin ne. Idan kuma ba ka ga kumfa ko ɗaya ba amma lamba na sauka, to iskar ba waje take fita ba. Ko dai tana tsallakawa zuwa ƙaramin ɗaki, ko tana kutsawa cikin mai ta robar sandar fistin. Da ƙarar da ka ambata, wannan na biyun nake zargi.

Sabis ɗin gwangwanin iska

Kayan ba su da yawa: robobin sabis na ainihin samfurin shokarka, famfon shoka, alanki, abin cire ƙwayar bawul, tsinken roba na zaro sil, tsummoki marasa zubar da zare, sifirit irin aisofurofil, giris na shoka irin su Slick Honey ko SRAM Butter, man da kamfanin ya ambata, sirinji, bayis mai laushin baki, da tabarau na kare ido. A jikin shokar akwai lambar da za ta kai ka ga samfurinta da shekararta a shafin kamfanin, can kuma littafin sabis yake. Ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa alanki, domin suna ɗaya kan rufe samfura da yawa masu robobi mabambanta.

Rubuta iskar da kake hawa da ita. Murɗa maɓallan saiti har su rufe kana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsu, ka rubuta, sannan ka buɗe su duka. Wanke shokar tun tana jikin keke. Daga nan sai sauke iska, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Ka yi amfani da ɗan maɓallin sakin iska na famfo, kaɗan-kaɗan, kana danna sirdi a tsakani. In ka saki iskar babban ɗaki bugu ɗaya, ta ƙaramin ɗaki za ta rasa hanyar fita, ta tsotse shokar ciki ta maƙale. Bayan agogo ya koma sifili, cire ƙwayar bawul gaba ɗaya, sannan ka auna tsawon shokar daga ido zuwa ido, wato ramuka biyun da ake ɗaure ta da su a jikin keke. In an rubuta 210 da 55 a kanta, to ya kamata ka samu milimita 210 tsakanin tsakiyar idanun biyu.

Idan ta gajarce kuma ta ƙi miƙewa ko ka ja ta, tsaya nan. Akwai iska a matse a ƙaramin ɗaki, kuma da zarar zaren gwangwanin ya saki, zai fita da ƙarfin da zai iya karya yatsa ko fasa ido. Na taɓa ganin wannan a gabana tun ina farkon koyon aikin. Gwangwanin ya kuɓuce ya bugi bango har ya lotsa, kuma hannuna bai fi taƙi guda daga hanyarsa ba. Tun ranar ban sake kwance gwangwani ba sai na zura tsumma mai kauri ta cikin idon da zai bi ya fita, ko da na tabbata babu iska. Shokar da ta maƙale ana iya gwada mayar mata da iska a danna ta a hankali ko za ta daidaita. In ta ƙi, ta zama aikin masu kayan aiki.

In tsawon ya cika, kwance ta daga keke, ka tokare ƙafar baya don kada hannayen firam su faɗa wa juna. Cire ƙarafan ɗauri na idon da gwangwani zai bi. Matse kan shokar a bayis mai laushin baki, kana lura kada bawul ko maɓallai su shiga matsin. Kada ka taɓa matse gwangwanin kansa ko bututu mai sheƙi, bangonsu siriri ne. Yawanci hannu ya isa ya kwance gwangwanin, in ya ƙi sai a naɗa masa tsohon tiyub ko sifana mai ɗamara. Zare shi a hankali.

Kafin ka goge komai, duba abin da ka tarar. Bushewa da baƙin datti shaidar jinkirin sabis ne kawai. Amma in ka ga mai tsinkakke ya taru da yawa, mai launi da wari daban da giris, daga ɓangaren mai ya ɓullo. Sannan goge bututun da cikin gwangwani ka bi su da farce a ƙarƙashin haske. Duk karcen da farce ya maƙale a ciki zai ci sabuwar roba, zai kuma ba iska hanya. Inda launin ƙarfen ya koɗe har ya yi fari-fari, rufinsa ne ya cinye, babu robar da za ta gyara wannan sai canjin ƙarfen.

Wajen cire robobi, ɗauki hoto tukuna, ka jera su a kan tsumma yadda suka fito. A kan fistin za ka samu babbar roba tsakanin fararen zobba biyu masu tallafa mata. A bakin gwangwani akwai robar share ƙura, da wata robar da nata zobban a ciki. Matse roba da yatsu biyu har ta taso, sannan ka zura tsinken roba. Na san akwai masu amfani da tsinken ƙarfe ko allura, amma karce ɗaya a kwarin da roba ke kwanciya ya isa ya bar ka da yoyon da ba za ka gane tushensa ba. Wanke da sifirit kawai. Fetur da magungunan wanke inji suna lalata roba. Shafa wa sababbin giris, ka tabbata ba su murɗe ba, fararen zobba masu yanka sun haɗe bakinsu daidai, leɓen robar share ƙura kuma yana kallon waje.

Giris ɗin a shafa shi siriri. Mai sabon hannu yakan ga kamar yawansa alheri ne, sai ya cika ɗan lotson nan da na ce ka riƙe, ɗakuna su kasa daidaitawa, shokar da aka gama yi wa sabis ta maƙale a hawan farko. Giris na boris da man inji ba su da wuri a nan. Man da ake ɗigawa cikin gwangwani ɗan kaɗan ne, wajen mililita 2 a samfura da yawa, kuma littafin zai faɗi nau'insa da inda ake zuba shi.

Mayar da gwangwani yana son ƙarfi, saboda iskar da ta maƙale a ƙaramin ɗaki tana turo shi baya. In ya gagare ka a bayis, ɗaura shokar a keke, ka kwanta a kan sirdi ta dannu, sai zaren ya iso. Fara murɗawa da yatsu, in ka ji tauri tun zagayen farko to ya hau karkace, koma baya. Kada ka manta ɗan zoben robar da ke nuna lotsawa, shi aka fi mantawa. Mayar da ƙwayar bawul, ka ba da iska a matakai. Fox sun ce bayan kowane psi 50 (psi shi ne ma'aunin matsin iska da agogon famfo ke nunawa) a danna shokar a hankali zuwa kashi 25 cikin 100 na tafiyarta sau 10, kuma dabarar tana aiki ga duk shoka mai lotso. Za ka ji ɗan fis a ciki, agogo ya sauka kaɗan. Ci gaba har in ka hau da kayan hawanka ta lotsa kashi 25 zuwa 30 cikin 100, ba tare da ka wuce iyakar iskar da kamfani ya sa ba.

Tunda shokar na hannunka, duba bushin da ke cikin idanunta. In kana ɗaga sirdi kana jin ƙwas kafin ƙafa ta bar ƙasa, galibi su ne suka cinye. Notocin ɗauri kuma a ɗaure su da ma'aunin da mai firam ya bayar.

Ɓangaren mai, inda taka matsalar take

Lokacin da gwangwani ke cire ne za ka iya gwada wannan ɓangaren shi kaɗai. Dafa shi a kan tebur ka danna da nauyinka. Mai lafiya zai yi maka gardama tun daga milimitar farko, sumul, ya dawo da kansa har ƙarshe, kuma saurin dawowarsa zai canza in ka murɗa maɓallin dawowa. Ɗan shuu na wucewar mai ba laifi ba ne. Wanda iska ta shiga zai faɗa fanko a farko kafin ya kama, zai yi caɓal-caɓal, wani ma ba zai dawo duka ba. Makullin ma abin da ya kashe shi ke nan. Shi toshe wa mai hanya yake yi, ya dogara da cewa mai ba ya matsuwa. Mai mai kumfa kuwa yana matsuwa, don haka ko an toshe hanyar keken zai lotsa.

Gyaran shi ne a sauke gas, a buɗe, a zubar da tsohon mai, a canza robobin ciki har da na IFP, a zuba sabo, a fitar da iska kaf, a mayar da gas. A baki gajere ne. Gas ɗin nan ɗaruruwan psi ne, a shokokin da ba su da tukunyar gefe yakan kai tsakanin 300 da 500, kuma sauke iskar gwangwani ba ya taɓa shi. Wanda ya kwance murfin mai bai sauke shi ba, man da fistin za su fito masa a fuska. Hanyar mayar da shi ma ta bambanta. RockShox sun sa ɗan bawul wanda ake ɗaura wa adafta a cika da famfon shoka, kuma iskar duniya tana yi, tunda dama kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Shokokin Fox da yawa kuwa ta ƙwayar roba ake cika su, da allura da tukunyar naitirojin mai abin daidaita matsi.

Sai zurfin IFP, wanda ake aunawa da milimita, kowane samfuri da tsawon tafiya da nasa. In ya zauna kusa, fistin zai iya dukansa in shokar ta dannu har ƙarshe. In ya yi zurfi, wurin gas ya ragu, matsi ya hau fiye da kima. In gas ya yi kaɗan, man zai riƙa yin kumfa da kansa a duk bugu mai ƙarfi. Washoshin fistin in an kwance su dole su koma a jerinsu, ɗaya ta sauya wuri halin shokar ya sauya. Man ma ba a musanya shi da ka: lambar kauri da ake rubutawa a gora ba ɗaya take tsakanin kamfanoni ba, mai lamba 7 na wani yana iya fin na wani kauri sosai. Ga maƙalan riƙe sanda na daidai girmanta, da sifanar auna ƙarfin ɗauri, da ma'aunin zurfi.

Ni kaina, shokoki masu sauƙin gini waɗanda ake cika su da adafta ina fitar musu da iska da hannu, suna kuma fitowa lafiya. Amma masu bututu biyu da maɓallan saiti huɗu, irin tsofaffin samfuran Fox Float X2 ko Cane Creek Double Barrel, lungunan mai a cikinsu suna da yawa, ba na aminta da aikinsu sai da injin da ke zuƙe iska ya tura mai. Kuma daga nan inda nake alamu kawai nake karantawa. Ko robobi ne kaɗai suka gaji ko sanda ta karce, wanda ya buɗe ne zai gani.

Shawarata a kan taka

Ka sauke iska yadda na bayyana, ka buɗe gwangwani, ka duba ƙarafan, ka yi gwajin dannawa. Wannan binciken ba ya buƙatar sababbin robobi, zai kuma koya maka cikin shokarka. In ɓangaren mai ya faɗi gwajin, kamar yadda nake zato, rufe ta ka aika wa masu sabis ɗin shoka. Cikakken sabis dama ya haɗa da robobin gwangwani, babu amfanin canza su sau biyu. Bayan ta dawo, sabis ɗin awa 50 ya zama naka, kuma shi ne ke hana datti ya kai ga cin ƙarfe. In kuma ka ga karce mai zurfi ko rufin bututu ya cinye, ka nemi a faɗa maka abin da canjin ƙarafan zai ci kafin a fara aiki, don wani lokacin sayen wata shokar ya fi.

Idan zuciyarka na kan yin ɓangaren man da kanka, ban hana ka ba, amma da sharaɗi. Shokar ta zama irin mai adafta, littafin ainihin samfurin yana buɗe a gabanka, kowane kayan aiki da ya lissafa yana kan tebur, kuma ka riga ka yi sabis ɗin gwangwani sau biyu ko uku har hannunka ya san yadda roba ke zama. In ɗaya ya rasa, a bari tukuna.

Tsakanin sabis da sabis, goge bututun da tsumma mai laushi bayan kowace fita, kada ka harba ruwan injin wanki a bakin robar, ka kuma riƙa rubuta awoyin hawanka. In za ka aika ta, haɗa da takarda mai ɗauke da sunan firam da shekararsa, nauyinka da kayan hawa, iskar da kake sa wa, ƙirgen maɓallanka, da alamun nan uku yadda ka rubuto mini su, har da abin da ka gani da ka buɗe gwangwanin.